Pak Sarwoko da Shinkafa Mai Ido

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar kofi ta bakin gada a ƙauyenmu ya san muryar Pak Sarwoko tun kafin ya san fuskarsa. A wajenmu Pak ake kiran magidanci, Bu matar aure, Mbah tsoho, Mbak kuwa budurwa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana kwandastan doguwar mota tsakanin biranen Solo da Surabaya, yana rataye a ƙofa yana kiran fasinja. Da ya ajiye aikin ya dawo gida, bai ajiye muryar ba. Ko sukari zai ce a miƙo masa, sai agwagin ƙetaren rafi sun watse.

Ni ne mai rabon ruwa a ƙauyenmu Tirtosari, sunana Ngadiyo. Ni nake buɗe ƙofar magudana in rufe, don haka babu gonar da ban san halinta ba, babu kuma manomin da bai taɓa zagina ba. Gonar da Sarwoko ya dawo ya tarar ta matarsa ce, Bu Sumirah, gadon mahaifinta. Shekara da shekaru ita take nomanta da shawarar maƙwabcinsu Mbah Wiryo, tsohon da ba ya buɗe baki sai ta kama dole. Gonar ba ta taɓa ba su kunya ba. A wannan daminar kuwa an fi bukatarta, domin an sa bikin 'yarsu Wulan bayan girbi, kuma a garinmu wanda ya ciyar da baƙin biki da shinkafar kasuwa, shekara guda zai yi a bakin mata.

Ana cikin haka sai aka aiko da sanarwa cewa za a yi gasar gonar shinkafa mafi kyau, kuma shugaban gunduma da kansa zai zagaya ya duba. Ranar muna rumfa. Sarwoko ya buga teburi har kofin Mbah Wiryo ya yi tsalle.

"An gama! Ku ba ni damina ɗaya kawai. Kun san abin da ke damun shinkafarku? Yunwa! Buhu biyu na farin taki a gona guda, kuna yaryaɗa shi kamar mai ba jariri magani. Mota in kana so ta yi gudu, mai kake ɗura mata."

Mbah Wiryo ya ce, "Shinkafa ba mota ba ce."

"Mbah, da girmanka da komai, ka taɓa fita daga gundumar nan kuwa? Ni na ga gonaki ta tagar mota da kai ko a mafarki ba ka gani ba."

"Na je Solo sau ɗaya," in ji tsohon. "A motarka. Ka wuce da ni tashar da zan sauka."

Aka yi dariya, amma Sarwoko ya fi kowa dariya, domin a wurinsa duk dariyar da aka yi a inda yake zaune yabo ne.

Ranar dashe ya fara nuna mana ilimi. Matan da ke dasa mana shinkafa sun saba barin tazarar taƙi guda tsakanin gindi da gindi. Sarwoko ya tsaya a kan kunyar gona, hannu a ƙugu, yana ihu.

"Wannan filin da kuka bari fa, na waye? Ku cike! Matsa ciki, akwai wuri!"

Babbarsu ta ɗago, taɓo har gwiwar hannu. "Pak, iska fa? Ta ina za ta bi?"

"Iska ta biya kuɗin mota ne? Kujerar mutum uku ni biyar nake zaunarwa, kuma duk sun isa Surabaya da ransu."

Suka cusa masa dashe yadda yake so, suna ƙunshe dariya.

Ƙungiyar manoma ta ba shi buhu biyu na taki kamar kowa. Bu Sumirah ta je kasuwa da safe, ta dawo da azahar ta tarar da turken awakinta babu komai sai igiya.

"Maigida, ina awakina?"

"Sun tafi aiki."

"Wane aiki?"

"Sun zama taki. Buhu shida. Ki kwantar da hankalinki, bayan girbi saniya zan ɗaure miki a nan."

"Ka dawo min da igiyar ma da kanka na gode," ta ce. "Kai da ko barkono a tukunya ba ka taɓa raya shi ba."

Da la'asar ya ɗauko buhunan daga gari a kan babur. Duk mai hankali sawu uku zai yi, shi kuwa huɗu ya ɗaura a sawun farko, biyu a baya, ɗaya a kan tanki, ɗaya a tsakanin ƙafafunsa. Hanyar da ke bin gefen magudana ba ta fi faɗin tabarma ba. Ina tsaye a ƙofar ruwa na hango shi yana tahowa yana rangaji. Na ɗaga hannu in ce ya sauka ya tura, shi kuwa ya zaci gaisuwa ce, ya saki hannu ɗaya ya ɗaga min. Sai ƙara kawai na ji. Babur a cikin ruwa, ƙafafun Sarwoko a sama, buhu biyu sun fashe suna narkewa kamar sukari a shayi.

Ruwan nan kuwa ina ya nufa? Kududdufin kifina. Washegari karfasata ɗari da wani abu suka taso sama, ciki fari, baki buɗe. Na kwashe su a kwando na kai masa har ƙofar gida.

Ya duba, ya girgiza kai. "Ka gani ko, Ngadiyo? Ka ga ƙarfin takin nan? Kifi ma bai iya ɗauka ba. To ka yi tunanin abin da zai yi wa shinkafa."

Da ba don Bu Sumirah ta fito ta ba ni haƙuri ba, da kwandon a kansa zan kife.

Buhu uku ya fara zubawa a tashi ɗaya, inda mu muke raba biyun namu kashi uku. Kuma gaskiya ɗaya ce, bayan sati biyu gonar ta yi wani irin kore da ban taɓa gani ba, kore har yana komawa baƙi. Ganye ya yi faɗi, ya yi tsawo, ya rufe ruwa ruf. Gonar Mbah Wiryo a gefenta sai ta zama kamar mai jinya. Masu wucewa a babur suna tsayawa suna ɗaukar hoto. Sarwoko ya sayi hular malafa sabuwa, ya ɗauko kujera ya ajiye a bakin gona, ya fara karɓar baƙi.

A nan ya samu ɗalibi. Tukijan mai gyaran taya, wanda ke da 'yar gona a ƙasan tasa, ya zo ya tsuguna.

"Pak, ka taimaka min da sirrin."

"Babu sirri, ƙanena. In ka ga ta yi kore, ƙara mata. In ta ƙara kore, ka sake ƙarawa. Ba a hana mai ci abinci."

Tukijan ya tafi ya juye rabonsa na damina gaba ɗaya a yini guda, ya ƙaro wani buhun daga wajen surukinsa.

Malamar gona da gwamnati ta turo mana, Mbak Retno, ba ta daɗe da gama makaranta ba, amma ta san aikinta. Tana yawo da wani ɗan kati mai launin kore kala huɗu, daga mai haske zuwa mai duhu. Takan kara shi a jikin ganye, in ganyen ya yi haske a ƙara taki, in ya yi duhu a dakata. Ta zo gonar Sarwoko ta kara katin, ta juya shi, ta sake karawa.

"Pak, taka ta wuce katin."

Sarwoko ya juya ga jama'a. "Kun ji da kunnenku! Na wuce katin gwamnati!"

"Ba yabo ba ne, Pak. Taɓa ganyen nan ka ji. Ya yi laushi, ruwa ne zalla a cikinsa. Farin taki in ya yi yawa, fatar ganye ba ta yin ƙwari. Ga shi kun cusa dashe, raɓa ba ta bushewa sai rana ta take. Nan gindin dutse ne, kullum hazo. Cutar fumfuna irin wannan wurin take nema. Don Allah ka tsaya haka. Ka sa mata jan taki da tokar ɓuntu kamar yadda Mbah Wiryo yake yi, su ne ke ƙarfafa kara."

"Toka? 'Yar nan, ni zan ciyar da shinkafar gasa da toka? Shekararki nawa?"

"Ashirin da biyar."

"Ina da takalmin da ya girme ki."

"Shi ma na san ba ka zuba masa taki ba, shi ya sa ya kai yau," ta ce, ta hau babur ɗinta.

Aka yi kwana shida rana ba ta fito sosai ba. Yayyafi da safe, hazo da yamma. Rana ta bakwai na je buɗe ruwa na tarar da Sarwoko a tsugune yana ƙura wa ganye ido. Tabo ne suka fito, tsakiya toka-toka, gefe ja-ja, baki biyu a tsuke, sak ƙwayar idon mutum. Kowane ganye da uku, da biyar.

Na ce, "Pak, ka kira Mbak Retno."

"A kan me? Ba ka gani ba? Shinkafa ce ta buɗe ido. Tana kallona ne, tana cewa maigida ƙaro."

Ya ƙaro. Buhu biyu.

Cikin kwana huɗu idanun suka haɗe da juna, ganye ya fara ƙonewa daga sama kamar an bi shi da wuta. Mbak Retno ta dawo da gudu, ta rubuta masa sunan maganin feshi a takarda, ta ce a yi yau, kada a kai gobe, kuma a sake yi in shinkafa ta fara fidda kai. Ta ce ko buhu ya gani a hanya ya kau da kai. Sarwoko ya karɓi takardar, ya naɗe taba da ita.

"Maganin kanti na ragwaye ne," ya gaya mana a rumfa. "Akwai wani fasinja da na taɓa ɗauka, babban masani, shi ya ba ni haɗin da ko kamfani ba su sani ba."

"A ina ya sauka?" in ji Mbah Wiryo.

"Me ya kawo wannan tambayar?"

"In ba a wuce da shi ba, sai mu je mu tambaye shi."

Haɗin dai shi ne tafarnuwa, ganyen taba, ruwan kwakwa, ruɓaɓɓiyar ayaba, daddawar jatan lande dunƙule biyar da Bu Sumirah ta ajiye don biki, da ɗan farin taki kaɗan don ƙarfi. Ya zuba su a shuɗin duro na roba, ya rufe, ya ɗaure murfin da tsohuwar roba ta taya, ya ajiye a rana a gefen baranda. Ya ce kwana biyar.

Rana ta huɗu mahaifin ango, Pak Haji, ya zo da matarsa da ƙannensa biyu don a tsayar da yawan baƙi. Ni ma an kira ni a matsayin maƙwabci. An shimfiɗa tabarma a baranda, an kawo shayi da soyayyiyar ayaba. Pak Haji mutum ne mai sanyin murya, sanye da farar riga da baƙar hula.

"Mu dai a ganinmu mutum ɗari uku sun isa," ya ce. "Kada a ɗora muku nauyi."

"Ɗari uku?" Sarwoko ya yi dariya. "Pak Haji, ɗari uku ai masu wanke kwano ne. A rubuta ɗari bakwai. Shinkafar da zan girbe bana sai an aro rumbu."

Bu Sumirah ta taka masa ƙafa. Ya janye ƙafar ya ci gaba. Duron kuwa tun ɗazu yake wani gurnani, cikinsa ya kumbura kamar saniyar da ta ci ɗanyen rogo. Matar Pak Haji ta waiwaya.

"Pak, akwai dabba a ciki ne?"

"Ilimi ne yake nuna, Bu Haji. Bari ma in nuna muku."

Ya miƙe ya taɓa robar. Iyakar abin da ya yi ke nan. Murfin ya tashi ya bugi kwanon rufi, abin da ke ciki ya biyo baya. Ban san yadda zan kwatanta warin ba. Kajin gidan sun tsallake katanga. Pak Haji yana zaune, ɓawon ayaba a kan hularsa, baƙin ruwa na bin farar rigarsa. Ya goge fuska ya ce, "Ɗari uku dai, Pak Sarwoko. Mu tafi, Bu."

Wulan ta shige ɗaki tana kuka. Bu Sumirah ta miƙa wa mijinta bokiti da tsintsiya.

Abin da ya rage a gindin duron Sarwoko bai zubar ba. Ya tace ya zuba a famfon feshi ya goya a baya. Famfon aro ne, murfinsa ya tsage, rabin maganin a bayansa ya ƙare. Sati guda in ya shigo rumfa sai mai kofi ta fitar masa da kujera waje, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta miƙa masa kofi a kan dogon faranti.

Shinkafar da ta tsira ta fidda kai. Sai cutar ta kama wuyan zangarniya, daidai inda kai ya haɗu da kara. Wurin ya yi baƙi, kan ya bushe ya yi fari fat, wasu suka karye suka rataye. Mu a nan karya-wuya muke ce mata, kuma duk manomin da ya gan ta ya san babu ƙwaya a ciki. Iska ta kwashi cutar ta kai gonar Tukijan, ta same ta da laushi kamar ta malaminsa, ta shige ta zauna. Ta taɓa layi uku na gefen gonar Mbah Wiryo, ta yi 'yan tabo, ta tsaya a nan.

Tukijan ya zo rumfa da zangarniya a hannu, idonsa ja.

"Pak, mene ne wannan? Matata ta ce in na shigo gida da wannan labarin in kwana a shagon taya. Abincinmu na shekara ke nan fa."

"Ƙanena, ba ka da haƙuri. Nuna ce ta yi da wuri. Shinkafa ai fara ce in an dafa, ko? To tawa tun a gona take fari."

Tukijan ya murza zangarniyar a tafin hannu, ya hura. Babu abin da ya rage.

"To ina shinkafar?"

"Ka hura da ƙarfi ne."

Sai da muka riƙe Tukijan mu uku.

Saura kwana biyu zuwan shugaban gunduma. Tun gonar tana kore Sarwoko ya je ofis da hotuna, ya sa aka rubuta sunansa a farkon jerin gonakin da za a duba. Na ce masa ya je ya janye. Mbak Retno ta ce ita za ta kai saƙon, ba sai ya ji kunya ba. Bu Sumirah ta ce in bai janye ba ita za ta tafi gidan yayarta har a gama.

"Janyewa? Ni? Motata ta taɓa lalacewa a tsakiyar daji da fasinja sittin, na sa su waƙa har gari ya waye, babu wanda ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Ku zuba ido."

Ranar da za a zo, da hantsi, na gan shi a cikin gona da famfon feshi. Na zaci ya ji magana ya sayo magani, ko da yake lokaci ya wuce. Da na matso sai na ga abin mamaki. Duk inda ya bi, gonar tana komawa kore. Fararen kawunan sun yi kore, busasshen ganye ya yi kore, har kwaɗon da ke kan kunya ya fi kullum kore. Ga wani ƙamshi mai daɗi yana tashi, irin na wainar biki.

Launin abinci ne. Kwalabe goma sha biyu na koren launi mai ƙamshi da Bu Sumirah ta tanada don wainar bikin Wulan.

"Pak Sarwoko, ka ji tsoron Allah."

"Ngadiyo, daga kan hanya zai tsaya ya duba. Manyan nan ba sa shiga taɓo. Minti biyar, hoto, a tafa, a wuce."

Da azahar motoci uku suka tsaya a bakin gada. Duk ƙauyen ya fito. Shugaban gunduma ya sauko, dogo, cikin farin wando da farar riga ta aiki, guga kamar za ta yanka mutum. Sarwoko ya tarbe shi da sabuwar malafa da lasifikar masallaci da ya aro, ko da yake babu wanda ya taɓa bukatar lasifika don ya ji shi.

"Ranka ya daɗe, barka da zuwa gonar da ta wuce katin gwamnati!"

Shugaban ya tsaya ya duba. "Kai, wannan kore haka? Kuma har ƙamshi take yi."

"Sabon tsari ne, ranka ya daɗe. Tun a gona take fara daɗi."

"Madalla. Ka san ni ma ɗan manomi ne. A taɓo na girma." Ya sunkuya ya cire takalmi.

Murmushin Sarwoko ya tsaya a inda yake. "Ranka ya daɗe, akwai macizai."

"Na saba da su."

"Akwai matsattsaku. Manya. Jiya sun kusa shanye Tukijan."

"Ni ba matsattsaku ne suka shanye ni ba," in ji Tukijan daga cikin taro.

Shugaban ya naɗe wando zuwa ƙwauri ya shiga. Mai ɗaukar hoto ya ce ya ƙara shiga ciki don hoton ya yi kyau. Ya kutsa har shinkafa ta kai masa ƙugu, ya buɗe hannuwa ya rungumo zangarniya, ya sunkuyar da fuska cikinta yana shaƙar ƙamshi, sannan ya juyo yana murmushi.

Kowa ya ƙura masa ido. Daga ƙirji zuwa gwiwa mutumin nan kore ne shar. Tafin hannunsa kore. Hancinsa da gemunsa kore. Inda ya bi kuwa ya bar hanya fara, busasshiya, kamar an ja layi da alli. Mai hoto, saboda sabo, ya danna.

Wata tsohuwa ce ta fara dariya. Ta yi ƙoƙarin rufe baki da gyale, abin ya fi ƙarfinta. Daga nan taron ya fashe. Direbobin gunduma suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Shugaban ya dubi hannunsa, ya shinshina, ya ɗanɗana da harshe.

"Wannan launin waina ne."

"Nawa ne, ranka ya daɗe," in ji Bu Sumirah da ƙarfi. Ba ta je gidan yayarta ba, tana gaba-gaba, hannu a harɗe. "Na bikin 'yata. Da awakina huɗu, da daddawata, duk suna cikin gonar nan. Ka duba da kyau ko za ka ga ɗaya."

Shugaban ya tsinko zangarniya ya murza. Ƙaiƙayi. Ya sake tsinko wata. Ƙaiƙayi. Ya kira Mbak Retno ya ce ta yi bayani, ta yi shi a taƙaice: farin taki ya yi yawa, dashe ya cushe, babu jan taki, an ga cuta an ƙara mata abinci.

Sarwoko ya ɗaga lasifika. "Ranka ya daɗe, in ka ba ni dama, wannan gwaji ne na musamman da na shirya don..."

Ya matsa baya don ya nuna faɗin gonar, ya manta cewa kunya ba ta da faɗi. Ya tafi da baya cikin shinkafa. Karan da ba shi da ƙwari ya kwanta a ƙarƙashinsa, na kusa ya bi, na gaba ya bi, har kusan rubu'in gonar ya shimfiɗe. Lasifikar tana hannunsa a kunne, duk ƙauyen ya ji abin da ya faɗa da ya sha taɓo. Liman ya karɓe ta a ranar, bai sake ba shi aro ba.

Mbah Wiryo ne ya miƙa masa sanda ya jawo shi. Shi ne kuma ya zo na biyu a gasar, abin da ya sa ya yi magana har jimla uku a jere, aka yi ta mamaki.

Abin da aka girba a gonar Bu Sumirah bai cika buhu uku ba, inda aka saba samun arba'in. Kwana biyu babu wanda ya ji muryar Sarwoko, har agwagi suka fara kiwo a ƙofar gidansa. A rana ta uku Bu Sumirah ta tasa shi gaba, gida gida. Ta ce ita ba za ta buɗe baki ba, shi mai murya shi zai yi roƙo. Gidan Tukijan suka fara zuwa, ba roƙo ba, ban haƙuri, aka tsayar cewa Sarwoko zai yi masa aikin gona damina mai zuwa, da sharaɗin ba zai ba da shawara ba. Sauran gidaje kowa ya auno abin da ya sawwaƙa. Mbah Wiryo ya aiko da buhu biyar. Ni ma na bayar, duk da kifina. An yi bikin Wulan da mutum ɗari uku, kowa ya ƙoshi, waina dai fara aka ci.

Kafin a ƙone karan gonar, sai ga Mbak Retno da wata farar mota. Malamin jami'a ne da ɗalibansa mata da maza su takwas, da safar hannu da jakunkunan leda. Sun ji labari, sun zo ɗibar ganye. Malamin ya zagaya gonar yana girgiza kai.

"Shekara goma sha biyar ina binciken cutar nan," ya ce. "A gonar gwajinmu da gangan muke kiranta, ba ta taɓa kama mana haka ba. Wane ne mai gonar? Yaya aka yi?"

Sarwoko yana rakuɓe a bayan matarsa. Na ga kafaɗarsa ta fara tashi. Ya gyara malafa, ya yi gyaran murya, ya fito gaba.

"Ku fito da littattafanku," ya ce wa ɗaliban. "Abin ba na kowa ba ne. Da farko, dashe sai ka cusa shi yadda iska ba za ta samu hanya ba. Na biyu, farin taki buhu uku a tashi ɗaya, kada hannunka ya yi rawa. Jan taki da toka, ko kusa. In ka ga ido ya fito a ganye, a nan ragwaye suke tsorata. Kai kuwa sai ka ƙara buhu biyu."

Ɗaliban suna ta rubutu. Malamin yana gyaɗa kai yana cewa, "Daidai. Daidai. Wallahi daidai."

Sarwoko ya waiwayo ya dubi matarsa, fuskarsa kamar an ba shi kujerar gunduma. "Kin ji ko, Sumirah? Malamin jami'a. Daidai, in ji shi."

"Na ji," ta ce. "Shekara ashirin da bakwai ina aurenka, yau ka yi magana ta zama gaskiya. Ka gama da su ka zo, ga ɓuntu can yana jiran mai ƙonawa."